Hoto Ya Hana

A shekarar da ƙodojin Yaya suka tsaya, na san bencin asibiti fiye da kujerun ɗakina. Yaya shi ne babba a gidanmu, ni ce auta, kuma shi ya riƙe mu bayan rasuwar Baba. Ya yi aiki a masaƙa a Kakuri har aka rufe ta, daga nan ya koma walda a Makera, yana haɗa ƙofofi da tagogin ƙarfe. Mutum ne mara yawan magana. Ni kuwa Allah ya hore mini baki, har Hajiyarmu takan ce rabon surutun gidan gaba ɗaya ni na kwashe, na bar sauran da gaisuwa kawai.

Ciwon ya faro da kumburin ƙafa, muka ce tsayuwar aiki ce. Sai fuska ta bi, sai amai, sai abinci ya daina shiga. Da muka kai shi asibiti likita ya ce hawan jini ya daɗe yana cin ƙodojinsa ba a sani ba, yanzu duka biyun sun gaji, sai dai a riƙa tace masa jini da inji. Wannan shi ake kira wankin ƙoda, kuma wanda bai yi jinyarsa ba ba zai gane irin gajiyarsa ba. Ba ciwo ba ne da ake kwanciya a warke a tashi. Ka je yau, ka huta gobe, kafin ka gama hutawa ranar komawa ta zo.

Matar Yaya tana da goyo ga ƙananan yara, don haka rakiya ta faɗo kaina. Ina koyarwa a wata firamare a nan Unguwar Sanusi, shugabar makarantar ta ɗaga mini ƙafa a ranakun wanki. Da safe zan tari keke in biya in ɗauke shi, mu haye gada mu shiga cikin gari. A shiga da shi a jona shi da inji, ni kuma in nemi gurbi a benci a baranda, in zauna har la'asar. In an fito da shi yakan zama kamar tsumman da aka matse, ko gaisuwa da hannu yake amsawa.

A wannan bencin na yi ƙawa. Wata mata ce daga Romi, Kirista, mai sayar da kayan miya, mijinta tsohon direba ne da ya daɗe da shiga wankin kafin Yaya. Ina ce mata Madam, tana ce mini Hajiya, ko da yake na sha gaya mata ko filin jirgi ban taɓa takawa ba. Ta san komai na wurin. Ta san nas ɗin da ke da hannun saka allura, da injin da ke yawan tsayawa, da majinyacin da danginsa suka fara ja da baya. Takan zo da dafaffiyar gyaɗa a leda, mu yi ta ɓarewa muna gulmar duniya don lokaci ya wuce.

Maganar da ba ta ƙarewa a bencin ita ce dashe. Kowa ya san wankin nan jinkiri ne kawai, mafita ita ce a sami ɗan'uwa mai lafiya ya ba da ƙoda ɗaya. Kuma kowa ya haddace hanyar: a gwada jini, a gwada fitsari, a auna zuciya, can a ƙarshe a yi wani hoto da ake kira siti, wanda ke nuna jijiyoyin da ke kai wa ƙoda jini. Da wannan hoton likitan fiɗa ke sanin ƙodar da zai cire da inda zai yanka, da ko ma za a iya cirewar.

Wata rana wani magidanci da ya yi makonni yana zarya don ya ba ƙanwarsa ƙoda ya fito daga ofishin likita, ya tsaya gaban danginsa ya ce, "Hoto ya hana." Suka yi salati, suka yi ta ba shi haƙuri. Da suka wuce Madam ta zungure ni da gwiwar hannu.

"Hajiya, kin ji ko? Hoto ya hana."

"Na ji. Allah sarki, ya yi ƙoƙari."

"Wane ƙoƙari? Na so dem dey do, haka suke yi. Bari in gaya miki. Likitan nan, kafin ya tura mutum hoto, yana rufe ƙofa ya tambaye shi shi kaɗai: kana so da zuciyarka, ko kunyar gida ce ta kawo ka? In mutum ya ce tsoro yake ji, shi ke nan, likita zai ce hoto ya nuna bai dace ba. Ba wanda zai zage shi a gida. Ƙanin mijina haka ya yi mana. Na sani, ya san na sani, muna gaisawa a coci."

Na riƙe baki. Abin ya ba ni mamaki, ya kuma ba ni dariya, don na san mutanenmu. A gidajenmu ba a cewa a'a ido da ido, musamman ga na gaba da kai. Sai a ce "to", a ce "in Allah ya yarda", a bar magana ta mutu da kanta. Ashe har asibiti ya gane halinmu ya buɗe mana ƙofar baya.

Labari irin wannan ba ya kwana a cikina. Muna cikin keke za mu koma, Yaya ya jingina kai da ƙarfe idonsa a rufe, na zayyana masa komai, har da kwaikwayon muryar Madam da yadda magidancin ya marairaice fuska. So nake in ga ya yi murmushi, don ya daɗe bai yi ba. Sai da muka sauko daga gada ya yi magana, ba tare da ya buɗe ido ba.

"Likitan ya yi hankali. Naman jikin mutum ba abin da za a karɓa da kunya ba ne."

Na ce haka ne, na shiga wata hirar.

Bayan 'yan watanni maganar dashe ta iso gidanmu. Wana mai bin Yaya yana da ciwon sukari, aka cire shi tun a gwajin farko. Jinin matar Yaya bai zo ɗaya da nasa ba, 'ya'yansa kuma ba su kai ba. Da aka gwada nawa, ya dace. Na dawo na gaya wa maigidana, ya yi 'yan kwanaki yana cin abinci ba ya kallona, daga baya ya ce yaranmu sun girma, in zuciyata ta kwanta shi ba zai shiga tsakanina da ɗan'uwana ba. Yaya ya ƙi, kamar yadda kowa ya san zai ƙi. Ya ce shi ya ci zamaninsa, ni mace ce mai iyali. Sai da Hajiyarmu ta kira shi ɗakinta ta ce nono ɗaya muka sha, abin da ke jikina nata ne, ita ta ba shi. Sannan ya yi shiru, shirun Yaya kuwa amincewa ne.

Ni da gaske nake so. Ba zan ce ban ji tsoro ba, don ni ko cire haƙori sai an riƙe ni. Amma ina son Yaya, kuma na gaji. Na gaji da benci da warin maganin goge ƙasa, na gaji da kiran 'yan'uwa don a haɗa kuɗin wanki, ga shi wasu sun fara ƙin ɗaga waya in suka ga lambata. Abin da ya fi gajiyar da ni shi ne ganin mutumin da ke ɗaga ƙofar ƙarfe shi kaɗai yana jira a tallafa masa ya hau keke. In yanka ɗaya zai kawo ƙarshen wannan duka, to a yanka.

Ranar da likitan ƙoda zai tura ni hoto, ya sallami kowa ya rufe ƙofa. Dattijo ne mai furfura a gemu, mai magana a hankali kamar wanda bai taɓa ƙoshi da barci ba. Na san abin da zai ce tun kafin ya zauna.

"Malama, abin da za mu faɗa a nan ba zai fita ba. Akwai wanda ya matsa miki?"

"Babu."

"Uwa, ko miji, ko surutun dangi? In kin ji ba za ki iya ba, ko yau ko ana gobe aiki, ki gaya mini. Ni na san abin da zan faɗa musu, kuma laifi ba zai hau kanki ba."

"Likita, na san da wannan ƙofar, an ba ni labarinta a benci. Ba na buƙatarta."

Ya ɗan yi murmushi ya ce bencin nan ya fi shi sanin aikinsa.

Wurin ɗaukar hoton wani gini ne daban a cikin gari. An ce kada in ci komai tun safe, in kuma zo da mai rakiya, sai matar Yaya ta goya ɗanta ta biyo ni. Muka tarar babu wuta, janareta kuma ana gyara, muka zauna a wani bencin da bai fi na asibiti taushi ba. Sai wajen azahar aka kira ni, cikina na ta ƙugi.

Wata nas ta sa na cire 'yan kunne da sarƙa da duk wani abu mai ƙarfe, ta ba ni wata riga mai ɗaurin baya da ba ta rufe abin kirki. Na roƙa a bar mini ɗankwalina, aka bar mini. Ɗakin sanyi gare shi kamar cikin firij. Na'urar kuwa wani ƙaton farin zobe ne, da siririn gado da ke shiga cikinsa. Mai ɗaukar hoton, wata mata mai fara'a, ta kwantar da ni, ta soka mini allura a hannu ta jona da wani siririn tiyo, ta sa na miƙa hannayen sama da kaina.

"Anti, za mu tura wani ruwa a jijiyarki, shi zai haska hanyoyin jini a hoto. Za ki ji ɗumi ya bi jikinki, za ki ji kamar kin yi fitsari. Ba ki yi ba, kada ki motsa. In na ce riƙe numfashi, ki riƙe."

Ta fita ta koma bayan gilashi, ta bar ni da zoben. Gadon ya ja ni ciki, wani abu ya fara juyawa yana ƙara. Da ruwan ya shiga na ji ɗumi ya taso daga maƙogwaro ya gangara har ƙasa, bakina kamar na tsotsi ƙusa. Duk da gargaɗin da aka yi mini sai da na tabbata na jiƙa gadon mutane, ni uwar 'yan mata. Muryarta ta fito ta lasifika ta ce in riƙe numfashi. Na riƙe, ina roƙon Allah a zuci ya sa su ga abin da suke son gani. Kafin in gama tsorata an gama. Duk yunwar nan da zaman jiran, aikin kansa bai kai a dafa shayi ba. Aka ce in sha ruwa da yawa don abin da aka tura ya fita.

A hanyar gida matar Yaya ta riƙe hannuna. Na san a ranta ta riga ta mayar da mijinta shago.

Aka aika hoton wurin likitan fiɗa a Abuja, inda za a yi aikin, muka ci gaba da zaryar wanki muna jira. A gida aka fara lallaɓa ni. Hajiya ta hana ni ɗaukar ko bokiti. Gwaggo, ƙanwar Baba da ke Tudun Wada, ta aiko mini da zuma da dabino, tana gaya wa duk wanda ya shiga gidanta cewa 'yar wanta ta fi maza zuciya. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin yabon.

Da sakamako ya dawo likita ya sake rufe ƙofa, ya juyo mini da allon kwamfuta. Na ga ƙodojina a karon farko, farare a cikin baƙi, kowace da jijiyarta da ta taso daga wata babba a tsakiya. Ya ɗora bakin biro a kan ta hagu.

"Kin ga wannan? Kamata ya yi ta tafi sumul. Dubi yadda ta yi."

Ta yi ƙulli-ƙulli, nan ta kumbura nan ta tsuke, kamar carbi. Ya matsar da biron zuwa ta dama, ita ma haka, ko da yake ba ta kai ta hagun ba. Ya ce wani yanayi ne na bangon jijiya da aka fi samu a jikin mata, mutum na iya tsufa da shi bai sani ba. Amma in aka cire ɗaya, jijiyar wadda ta rage ba abin dogaro ba ce, tana iya tsukewa ta jawo mini hawan jini, in ƙare a kan injin da nake son sauke Yaya daga kai. Wadda za a ba shi ɗin ma ba lafiyayyar jijiya gare ta ba. Shi da likitan fiɗa sun duba sun sake dubawa, babu wanda zai taɓa ni.

"To a gyara jijiyar mana."

"Ba abin gyara ba ne yanzu, abin sa ido ne. Ki riƙa auna jininki a kai a kai."

"Likita, ni lafiyata ƙalau. Ko ciwon kai ba na yi."

"Shi ya sa muke yin hoton, Malama."

Na roƙe shi. Na ce duk abin da ya biyo baya ni na jawo wa kaina. Ya girgiza kai ya ce ba ya mayar da mai lafiya majinyaci don ya warkar da wani. Na miƙe. Sai da na kama hannun ƙofa na tuna abin da zan je in faɗa a waje, da kalmomin da zan faɗe shi da su.

Madam na kan benci tana ɓarar gyaɗa. Ta dubi fuskata ta ce yaya aka yi. Na nemi wata hanyar faɗa na rasa.

"Hoto ya hana," na ce.

Ta tsaya da ɓarar ta dube ni. Sannan ta matsa ta ba ni wuri, ta dafa gwiwata.

"Ba komai, Hajiya. Ba kowa ke iyawa ba. Ni ba zan gaya wa kowa ba."

"Madam, da gaske ne. Na gani da idona, jijiyar ta yi kamar carbi."

"Eh mana," ta ce, ta zuba mini gyaɗa a hannu.

Da zagina ta yi da na san yadda zan rama. Na zauna da gyaɗar a hannu har aka fito da Yaya.

Ban gaya masa a hanya ba. Na bari sai washegari da ya ɗan dawo hayyacinsa, na same shi a tsakar gidansa a kan tabarma, ga kofi a gefensa da ɗan ruwan da aka yarda ya sha. Na yi bayani dalla-dalla, na ƙullin jijiya, na likitan Abuja, na hawan jinin da ka iya kama ni. Ina jin kaina ina yawaita magana kamar mai kare kanta a gaban alƙali, amma na kasa tsayawa. Matarsa ta tashi ta shige kicin. Shi kuwa kofin yake kallo har na gama.

"Allah bai nufa ba," ya ce. "Kin yi abin da za ki iya, Auta. Allah ya yi miki albarka."

Ya faɗa da wani taushi da bai saba yi mini ba. Yayan da na sani, da ya yarda jijiyata na da matsala, da ya tsare ni da tambaya. Wane magani aka ba ki? Yaushe za ki koma? Kin gaya wa mijinki? Mutumin da in ya ji ina tari sai ya yi ta kiran waya har in gaji, yau an ce masa ƙodojina biyu ba su da ingantacciyar jijiya, bai tambayi komai ba. A nan na gane ya ɗauka na bi ƙofar da ni da bakina na nuna masa.

Makonnin da suka biyo baya ba su da daɗin tunawa. Zumar Gwaggo ta tsaya. Gaisuwar matar Yaya ta koma gajera, in na zo ɗaukarsa sai ta miƙo jakarsa daga bakin ƙofa. Maigidana ya kasa ɓoye cewa hankalinsa ya kwanta, abin da ya sa wasu suka ce shi ya hure mini kunne. Na je wurin Hajiya ina kuka, ta shafa kaina ta ce, "Ko ma mene ne, duka ku nawa ne." Ita ma ke nan ba ta tabbata ba. Ga ni kuma da kumatuna, ina hawa keke ina sauka da ƙarfina. Da ciwon na da kumburi ko rama, da na sami abin nunawa. Rakiyar dai ban fasa ba, don ba wanda ya karɓe ni, sai dai yanzu a ƙarshen benci nake zama, hira ta fita raina.

Na koma wurin likita na ce ya taimake ni ya gaya wa Yaya gaskiya. Ya ce jikina ne, sirrina ne, in na ba shi izini zai nuna masa hoton ya yi masa bayani.

"Ba bayani kawai ba, likita. Ka ce masa tawa ba irin waccan ba ce. Ka ce masa ni ban nemi a rufa mini asiri ba."

Ya murza ido da yatsu.

"Malama, in na ce taki ce ta gaske, na ce ta wasu ba ta gaske ba ce ke nan. Gobe duk wanda na ce bai dace ba, danginsa za su zo su ce in rantse masa kamar yadda na yi miki. Wanda na ƙi rantse wa ya tonu. Akwai matan da aurensu ke tsaye a kan shirun da nake yi. Abin da hoto ya nuna zan faɗa, ba ƙari."

Na ji haushinsa ƙwarai, kuma na san yana da gaskiya, abin da ya ƙara mini haushin ke nan.

Duk da haka na jawo Yaya ofishin wata safiya kafin a jona shi. Ya zauna ya ɗora hannaye a gwiwa. Likita ya juyo da allon, ya bi jijiyoyin da biro kamar yadda ya yi mini, ya maimaita bayanin kalma da kalma. Yaya ƙasa yake kallo.

"Yaya, ka duba mana," na ce.

Ya ɗaga ido ya sauke da sauri, kamar wanda aka nuna wa abin da bai kamata ya gani ba. To ko ya ƙura ido me zai gani? Fararen layuka ne a cikin baƙi, na kowa za su iya zama.

"Likita, mu ƙarfe muka sani," ya ce. "Abin da ka faɗa shi ne. Allah ya saka maka da alheri, kana ƙoƙari da mutane."

Da muka fito ya tsaya ya dafa bango yana maida numfashi, ya ce in daina wahalar da bawan Allahn nan, ba sai an kai ga haka ba.

Ranar Babbar Sallah muka haɗu a gidan Hajiya kamar kowace shekara. Maza suna zaure, amma Yaya ba ya iya dogon zama, aka kwantar da shi a gadon Hajiya aka ja labule rabi. Mata muka cika ɗakin. Na zubo soyayyen nama a faranti na durƙusa na ajiye gaban Gwaggo. Ta ture shi da bayan hannu.

"A'a, ci abinki, ke da ke tattalin jiki. Mu dai a zamaninmu in ba za ka iya abu ba, ba ka tara jama'a ka ɗauki alkawari, ka sa mara lafiya ya sa rai."

Sai muryar Yaya ta fito daga bayan labule, a dishe.

"Gwaggo, ni na hana. Ni na je na sami likita na ce ko hoto ya yi kyau kada ya taɓa ta. Ita har kuka ta yi masa. In akwai mai laifi ni ne, a bar ta ta huta."

Tunda nake ban taɓa jin Yaya ya yi ƙarya ba. Mutum ne da in ƙarfensa ba shi da kauri zai gaya wa mai saye, ko da cinikin zai tashi. Gwaggo ta juya kansa da faɗa, ta ce wannan wane irin taurin kai ne, an ba shi rai ya mayar. Matarsa ta dube shi ta cikin labulen, ta ɗauki ɗanta ta fita tana share hawaye. Ita yanzu abin da ta sani shi ne mijinta da kansa ya zaɓi ya bar ta da marayu.

Da ɗakin ya watse na zauna a bakin gadon. Ƙafafunsa sun kumbura, 'yar maganar da ya yi ta cinye masa numfashi.

"Yaya, me ya sa ka faɗi haka? Ba ka je wurin likita ba."

"Na sani."

"Wallahi, Yaya, jijiyar nan…"

Ya ɗaga hannu.

"Kada ki rantse, Auta. Ban tambaye ki ba, ba kuma zan tambaye ki ba. Ni ma da ni aka rufe wa ƙofar nan, ban san abin da zan ce ba. Na yafe tun ranar da kika zo gida kika faɗa mini. Ki sa ranki a inuwa."

Rantsuwar na bakina, kuma gaskiya ce. Amma na dube shi. Mutumin da ya ciyar da mu duka, yanzu komai sai an yi masa, ruwan sha ma sai an auna. Tun da ciwon ya kwantar da shi bai ba kowa komai ba sai wannan, kuma ya saye shi da tsada, da ƙaryarsa ta farko da hawayen matarsa. In na ci gaba da musu zan gajiyar da shi ne kawai, ba zai yarda ba. In ma ya yarda, na nuna masa ke nan ya yi duk wannan a banza. Ni kaina na gaji, gajiyar da ban taɓa yin irinta ba.

"Na gode, Yaya," na ce.

Ya gyaɗa kai, fuskarsa ta saki, ya rufe ido. Har ya koma ga Allah a ƙarshen shekarar bai sake tayar da maganar ba, ni ma ban sake ba.